Bitar fassarar Buddenbrooks da na saya a Wuse

A wani kantin littattafai da ke Wuse a Abuja na sayi Buddenbrooks na Thomas Mann, fassarar Ingilishi da John E. Woods ya yi a 1993. Littafin ya fito da Jamusanci a 1901, kuma shi aka ambata lokacin da aka ba marubucin kyautar Nobel a 1929.

Da yawa suna ɗaukar Mann a matsayin marubuci mai nauyi wanda ba ya wasa, amma wannan fassara ta fito da barkwancinsa fili. Labarin gidan wasu attajiran birnin Lübeck na Jamus ne da arzikinsu ke zagwanyewa, sai dai yadda Christian, ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, ke ƙorafin cewa jijiyoyin ɓangarensa na hagu sun yi gajarta, da yadda 'yar'uwarsa Tony ke tinƙaho da sunan gidansu bayan aurenta biyu sun mutu, sun sa ni dariya har na ajiye littafin. Duk wanda ya san gidajen 'yan kasuwa zai gane irin waɗannan mutane.

Takardar tana da kyau, ɗinkin ma ya riƙe, amma rubutun ya yi ƙanana ga mai karatu da dare.