Fulminant Prism ko Mystic Blast, wanne za ka fara koya a DCSS?

Ɗan'uwa, tsakanin sihirin nan biyu, Fulminant Prism da Mystic Blast, da kake tambayar wanne za ka fara koya wa Conjurer ɗinka (mai sihirin kai hari) a gem ɗin Dungeon Crawl Stone Soup (DCSS), ka fara da Fulminant Prism kawai, kar ka tsaya dogon tunani. Dukkansu matakin 4 ne, kowanne MP (ƙarfin sihiri) 4 zai ci maka duk jefawa ɗaya, amma abin da za su yi maka ba ɗaya bane ko kusa.

Shi Prism tarko ne kake dasawa. Ka zaɓi gurbi wanda babu kowa a kai, cikin taku 4 daga inda kake tsaye, sai wani ɗan lu'ulu'u ya tsaya a wurin, bayan ka yi motsi biyu sai ya tarwatse, kuma fashewar tana cin taku 2 ta kowane ɓangare, kaga kenan fili ne mai faɗi sosai. Abin da ya fi burge ni shine ba sai hanya ta buɗe ba, in dai idonka na ganin gurbin za ka iya dasa shi ko a bayan maƙiya ne, kuma tunda fashewa ce babu wani zancen kaucewa, sulke ne kaɗai ke rage musu zafin. Duk wahalar a lissafin lokaci take. Dodo mai gudu daidai da naka taku 2 zai yi kafin abin ya tashi, saboda haka ba inda suke za ka dasa ba, inda za su iso za ka dasa, sannan kai ka ja da baya. In suka kai masa duka ya fashe kafin lokacinsa to fashewar ƙarama ce kuma ba ƙarfi, amma ko a haka ka ci riba don duk dukan da ya sha kai ne ya tare wa.

Ni wallahi sihirin nan ne ya fara kai ni Lair, sashen namun daji na gem ɗin, da rai. Ina da Deep Elf, wani jinsi ne da ake zaɓa a gem ɗin, MP kamar rijiya amma jini ɗan mitsitsi, sai ga ayarin dodannin orc sun fito min a wajen hawa na 5 har da priest ɗinsu mai bugun mutum daga nesa. Magic Dart, ƙaramin sihirin da ake farawa da shi, ba abin da zai yi musu, ɗaya bayan ɗaya kafin ka kashe biyu sun gama da kai. Na koma da baya cikin wani siririn lungu, na dasa Prism a daidai bakin lungun ya toshe hanyar, suka taru a bayansa suna cunkuso, na sha kwana don priest ɗin ya daina ganina. Sai ƙara kawai na gani a rubutun ƙasa da jerin sunayen waɗanda suka mutu, na leƙo saura biyu suna jan jiki, sihirin Searing Ray ya ƙarasa su. Tun daga ranar duk Conjurer da zan ɗauka shi nake fara haddacewa da zarar kason kuskuren jefa shi ya sauko, kuma garken yak na Lair ma haka nake musu, biyu a jere ka dasa kana ja da baya.

Sai dai ka kiyaye abu uku, dan Allah. Bai san mai gida ba, in kana cikin taku 2 ɗin nan kai ma zai babbake ka, kuma a gem ɗin nan in ka mutu shikenan daga hawa na 1 za ka sake. Yana da ƙara sosai, duk abin da ke barci kusa zai farka ya nufo ka, don haka ka san inda matakalar hawa sama take kafin ka fara. Sannan masu saurin gudu irin ƙudan zuma da diloli kafin ya tashi sun riga sun iso jikinka, waɗannan tun daga nesa ake dasa musu ko a haƙura a hau sama. Wajen horo kuma ka duba sigar da kake bugawa, a tsofaffin, fannonin sihiri na Conjurations da Hexes yake so, sababbin kuma Alchemy ce ta maye Hexes.

Iskenderun's Mystic Blast kuwa, to, ba laifi. Yana fashewa a kewaye da kai nan take, ba ya taɓa ka, yana tunkuɗe su baya. Amma sai sun zo dab da kai yake aiki, mai jinin Deep Elf kuma me ya kai shi bari a kewaye shi? Ka koya shi daga baya in kana da sauran gurbin sihiri, ya zama na ranar da aka ritsa ka.

Wani abu da baka tambaya ba amma sai na faɗa, gem ɗin nan kyauta ne tun da aka fara shi a 2006, an gina shi ne a kan wanda Linley Henzell ya fitar a 1997, kuma har a burauza za ka iya buga shi ta WebTiles ba ka biya ko sisi ba. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ko kati ya tura maka, ko ya ce yana da wanda aka buɗe MP baya ƙarewa, cuta ce, in baka yi sa'a ba ma bayros zai zuba maka a waya. Ka sauke daga shafin masu shi kai tsaye.

In ka samu Prism ɗin ka fara gwada shi a kan gnoll ko ƙananan orc a fili inda kake da wurin ja da baya, sai hannunka ya saba da lissafin motsi biyun nan kafin ka shiga Orcish Mines, sashen da orc suka cika.