Ɗan gilashin maƙalawa a kyamarar waya, na gwada shi kan raɓar ƙanƙara

Jama'a wannan ɗan gilashin da ake maƙalawa a kyamarar waya mai ƙara girman abu, wallahi ya ci kuɗinsa. Tunda na zo karatu Edinbura, babban birnin Scotland, nake ganin ciyawa ta yi fari fat da sassafe a watan Janairu kamar an barbaɗa mata gishiri, wato raɓar ƙanƙara, sai rannan na durƙusa na saita shi kan wani busasshen ganye, subhanallah, ashe wasu ƙananan alluran ƙanƙara ne jere a bakin ganyen, wasu kamar gashin tsuntsu, wasu kuma masu kusurwa 6 tsaf, na fi minti 20 a wurin ban ma ji sanyin ba. Irin daren da sama ta yi tas ba gajimare ba iska ne sanyin ganye ke sauka ƙasa da digiri 0, danshin iska ya daskare a jikinsa kai tsaye bai zama ruwa ba.

Matsalarsa dai sai ka matsa kusa sosai, to numfashinka kaɗai ya isa ya narkar da alluran ƙanƙarar, ga maƙalin yana zamewa in kana sanye da safar hannu. Ku fita kafin rana ta haska, kuma a cika caji don sanyi na shanye batir.