Q Biyu a Jaka Ɗaya: Sharhi Kan Allon Scrabble Mai Ɗan Littafi

Allon Scrabble ɗin nan mai koren kwali da ya cika shagunan littattafai, wanda ake saka ɗan littafin kalmomi a cikinsa, shi nake nufi. Scrabble dai wasa ne na jera ƙwayoyi masu haruffa a kan allo su ba da kalma, kowane harafi da makinsa. Wannan allon ba na kamfanin asali ba ne, kwaikwayo ne, ko sunan wanda ya yi shi babu a jikin kwalin, kuma kuɗinsa ma ya nuna haka. Saboda ɗan littafin na saya, kuma da na fara buɗe shi cewa na yi shi kaɗai ya fanshi kuɗin.

Littafin bai tsaya kan kalmomin da kowa ya sani ba. Kalmomin Turanci masu baƙon haɗin haruffa ya tattaro, irin waɗanda in ka ajiye a allo abokin wasa zai rantse ƙirƙira ka yi. Babin da ya fi burge ni shi ne na Q marar U. A firamare an koya mana Q da U tif da taya ne, ba sa rabuwa. Sai ga QADI, QIBLA, FIQH, NIQAB, WAQF, FAQIR, TALAQ. Bahaushe ya kalle su da kyau zai ga 'yan gida ne sanye da kwat: alƙali, alƙibla, fiƙihu, niƙabi, waƙafi, faƙiri, sai ta ƙarshen da ke nufin saki. Dalilin a fili yake. Harafin Larabcin da muke rubutawa da ƙ, shi Bature ke rubutawa da Q. Don haka kalmomin da ɗan wasan Landan zai kwana yana hadda, mu tun makarantar allo muke jin su. WAQF da FIQH maki 19 kowacce ko da ba su hau gida mai ninki ba, NIQAB da QIBLA 16, QADI 14. HAJJ ma tana nan, sai dai J ɗaya ce a jaka, dole ka ƙona ƙwaya marar rubutu, wadda ke tsayawa a madadin kowane harafi amma ba ta da maki, kafin ka yi wannan hajjin, kuma maki 13 za ka dawo da shi tsaraba.

Babin kalmomi marasa wasali ma ya yi daɗi. CWM, wani irin kwari tsakanin duwatsu, da CRWTH, wata garayar gargajiya, duka daga harshen mutanen Wels aka aro su, inda W ke aikin wasali, shi ya sa CWM ake karanta ta kamar "kum". Sai su PSST, BRR, HMM, TSK, wato tsaki da gyaran murya ma sun samu shiga ƙamus. A ɗaya gefen kuma ga EUOUAE, haruffa shida ba baƙi ko ɗaya, ga AA, wani nau'in dutsen aman wuta a harshen Hawayi, ga VACUUM mai U biyu a jere, SKIING mai I biyu, SAVVY mai V biyu, da BOOKKEEPER da ta jero tagwaye har sau uku. Mu da muke furta "tsuntsu" da "ƙyanƙyasa" ba tare da harshe ya sarƙe ba, bai kamata TSETSE ta ba mu tsoro ba, ƙudan tsando ne kawai.

To, duk wannan murnar ta ƙare ne a kan ƙwayoyin.

A wasa na biyu an ajiye QI tun farko-farko, kowa ya saki jiki an rabu da Q. Can wajen ƙarshe, jaka ta kusa ƙarewa, sai ga wata Q ta fito. Na zazzage komai a tabarma na jera goma-goma, layi goma, ɗari cif. Nan ne yaudarar take, domin wanda ya ƙirga jimla kawai zai ce lafiya lau. Sai da na ware su harafi-harafi na gano Q biyu ce, U kuma uku maimakon huɗu. A cikin duk kuskuren da mai buga ƙwaya zai iya yi, babu wanda ya kai wannan muni: ya ƙara cuta, ya rage magani.

Wanda bai saba wasan ba zai ce ai ƙwaya ɗaya ce, mene ne a ciki. Rabon haruffan nan da lissafi aka yi shi, tun daga Alfred Butts, Ba'amurken da ya ƙirƙiro wasan a shekarun 1930 bayan ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a rubutun Turanci. Jakar Turanci ta gaskiya tana da E 12, A 9, I 9, O 8, N da R da T shida-shida, D da L da S da U huɗu-huɗu, G 3, sai B, C, F, H, M, P, V, W, Y bibbiyu, J, K, Q, X, Z ɗai-ɗai, da marasa rubutu biyu. In ka tara makinsu duka 187 ne. Tawa jakar 196 ta bayar. Mai wasa da gaske yana bin sawun abin da ya fita, yana soke kowane harafi a takarda, don ya san abin da ya rage a jaka da abin da ke hannun abokin karawa. Da Q ta biyu, wannan lissafin duk ya zama aikin banza. Kuma wanda ta maƙale wa a ƙarshe za a cire masa 10, a ƙara wa wanda ya fara gamawa 10, tazarar maki 20 ke nan a kan harafin da bai ma kamata ya kasance a jakar ba. Wasanni nawa ne ake ci da tazarar da ba ta kai haka ba?

Akwai kuma ɓarna ta ɗaya fuskar. Q a kan gidan da ke ninka harafi sau uku, in ta ba da QI a kwance da QI a tsaye, maki 62 ne da ƙwayoyi ƙalilan. Sau ɗaya aka tsara wannan garaɓasar ta yiwu a wasa. A allon nan mutum ɗaya zai iya kwashe ta sau biyu, alhali ba ƙwarewa ce ta ba shi ba.

Na gwada gyara. Na manna farar takarda a kan Q ɗin da ta yi yawa na rubuta U da maki ɗaya. Bai yi ba, domin yatsa na jin takardar a cikin jaka. A wajen wannan laluben ne ma na gano wani aibin: haruffan sassaƙa su aka yi a jikin robar, ba bugawa aka yi a shafe ba. Wanda ya ɗan daɗe da hannu a jaka zai gane marasa rubutu biyun, su ne sumul. Shi ya sa a gasa ake amfani da ƙwayoyi masu santsi gaba ɗaya. A gida ma, da zarar yaro ɗaya ya gano wannan, shi ke nan, kullum shi ke da sa'a.

Da raina ya ɓaci sai na koma wa littafin da na yaba, wannan karon da jan biro, kuma gaskiya na yi saurin yabo. A cikin jerin Q marar U ya saka IRAQ da QATAR. Sunayen ƙasashe ne, doka ba ta yarda da su ba, wanda ya ajiye su aka ƙalubalance shi zai kwashe ƙwayoyinsa ya rasa zagayensa. Ya kawo PIZZAZZ da KNICKKNACK yana ta kuranta su, bai faɗa cewa ba za su taɓa yiwuwa a allo ba: ta farko Z huɗu take so, ta biyu K huɗu, kai kuma ɗaya gare ka da marasa rubutu biyu, uku ke nan. Kalmomi ne na gaskiya, amma na kallo ne. ZZZ ita tana yiwuwa, sai dai wanda ya zubar da marasa rubutu biyu a kan maki 10 ya cancanci barcin da kalmar ke nufi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jerin kalmomi masu harafi biyu, domin su ne ƙashin bayan wasan. A Najeriya jerin Collins, wato kundin kalmomin da aka yarda a ajiye a allo, ake bi a gasa, wanda bugunsa na 2019 ke da irin waɗannan kalmomi 127. Littafin nan ya tsallake ZO, ya tsallake JA, ya tsallake CH, alamar daga jerin Amurka aka kwafo wannan shafin, alhali WAQF da TALAQ daga na Collins suke. An gauraya biyun ba a faɗa ba. Rashin CH ba ƙaramin abu ba ne, ita kaɗai ce mai harafi biyu da ke ɗauke da C. Bai kuma gargaɗi mai koyo cewa V ba ta da ko ɗaya ba, wanda shi ne dalilin da ake toshe hanya da ita. Ƙasar da ta fitar da Wellington Jighere, ɗan Afirka na farko da ya ci gasar duniya, a birnin Perth na Ostareliya a 2015, bai dace a ce 'ya'yanta suna koyo da jerin da ba a tantance ba.

Allon kansa gida 225 ne yadda ya kamata, launukan suna wurarensu, ba ni da ƙorafi a kai. Babin kalmomin Larabci har yanzu ina sonsa, na ma yage shafin na ajiye daban. Sauran littafin sai wanda ke da jerin Collins a gefe yana dubawa.

In har za ka saya, ka zazzage ƙwayoyin a kan teburin mai shago, ka ware su harafi-harafi, ka fara da Q, U, Z, J, X, K da marasa rubutu, sannan ka shafa su idonka a rufe ka ji ko ana gane sumul ɗin. Matsalar ita ce ba za ka iya ƙirgawa ba sai ka yage ledar, mai shagon da na saya a wurinsa kuma ya ce kayan da aka yage wa leda ba ya karɓa.