Shafin hasashen yanayi na Amurka ya cancanci yabo

Ƙanena yana karatu a Buffalo, jihar New York, ni kuma ina Mabera a nan Sakkwato tare da Inna. Duk hunturu shafin weather.gov na hukumar hasashen yanayi ta Amurka nake buɗewa, kuma ina ba duk mai ɗan uwa a can shawarar ya riƙa dubawa. Kyauta ne, ba talla, ba ya cin data sosai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke rarrabe gargaɗi. Akwai na a zauna cikin shiri, wanda kan fito kwana ɗaya ko biyu kafin guguwar hunturu, sannan na cewa ta iso ko tana dab. Suna kuma bambanta dusar ƙanƙara da ruwan da ke sauka ya daskare nan take a kan titi da wayoyin lantarki. Wannan na biyun shi ne mugun, nauyinsa ke tsinka wayoyi a bar mutane cikin duhu da sanyi. Buffalo tana bakin tafkin Erie, iska mai sanyi na kwaso danshinsa ta juye musu shi a matsayin dusar ƙanƙara. A Disamban 2022 fiye da mutum 40 suka rasu a yankin sakamakon guguwar dusar ƙanƙara, Allah ya kiyaye gaba.

Ma'auninsu na zafi da sanyi Fahrenheit ne, 32 ke nan sifili a namu na Celsius, sai an lura. Da na ga gargaɗi nake kiransa: "Auta, sayi abinci, cika wayarka da caji, kada ka hau mota." Sannan in kai wa Inna labari tana jin ɗumi a bakin murhu.