Kwas ɗin Turanci don 'yan Biyetnam: furuci ya biya kuɗinsa, kalmomi kuwa da saura

Ina koyar da Turanci a wata cibiyar karatun yamma a Hanoi, babban birnin Biyetnam. Ɗalibaina kashi biyu ne: 'yan ajin ƙarshe na sakandare, da ma'aikatan kamfanoni da ke zuwa bayan an tashi daga ofis. Kusan dukkansu jarrabawar IELTS suka sa a gaba, wato jarrabawar ƙasa da ƙasa da ake auna ƙwarewar mutum a Turanci da ita. A nan takardar IELTS tana da daraja sosai, domin jami'o'i da dama suna duba ta wajen ɗaukar ɗalibai, kamfanonin waje ma suna tambayarta. Tun 2008 gwamnati ta ƙaddamar da babban shirin koyar da harsunan waje a makarantu, a 2024 kuma shugabannin ƙasar suka fito da manufar mayar da Turanci harshe na biyu a makarantu sannu a hankali. Shi ya sa kasuwar kwasa-kwasai ta cika ta batse.

Cibiyarmu ta sayi ɗaya daga cikinsu, kwas na intanet da wasu malamai 'yan ƙasar suka tsara don ɗaliban da suka wuce matakin tsakiya, masu neman maki 7 zuwa sama. Kashi uku ne: furuci, nahawu da kalmomi. Akwai bidiyo, akwai atisaye, akwai kuma wurin naɗar murya inda manhaja take saurare ta ba da maki. Na yi aiki da shi tsawon zango guda tare da ajina, ga kuma abin da na gani.

Ɓangaren furuci shi ne zuciyar kwas ɗin, kuma shi kaɗai ya isa a sayi kayan. Dalilin da ya sa ya yi aiki shi ne masu shi ba su fara da jera sautukan Turanci 44 ɗaya bayan ɗaya ba, kamar yadda aka saba. Daga bakin ɗan Biyetnam suka faro. Harshensu gaɓa-gaɓa yake tafiya, kuma baƙaƙen da gaɓa take iya ƙarewa da su kaɗan ne: p, t, k, m, n da ng. Ko su ɗin ma, p da t da k ba a sakinsu, ana rufe baki ne a kansu a yi shiru. Babu s a ƙarshen gaɓa, babu z, babu l, babu f, babu v. Baƙaƙe biyu ko uku ba sa haɗuwa a jere. To ka ɗauki yaron da ya girma da wannan, ka ce ya faɗi "like", "life", "light" da "lice". Sau da yawa abu ɗaya za ka ji, wani abu mai kama da "lai". A takarda ya san bambancinsu sarai. Bakinsa ne yake tsayawa kafin kalmar ta ƙare.

Mu Hausawa mun san irin wannan matsala, sai dai tamu akasin tasu ce. Idan baƙaƙe suka cunkushe mana, wasali muke sakawa a tsakani, shi ya sa muke da burodi da asibiti da sukurudireba. Su kuma yankewa suke yi. Mu muna ƙara wa kalma tsawo, ana dai gane ta. Su suna rage ta har ma'ana ta ɓace. Wannan ya sa ɗalibin da ya iya rubuta maƙala mai kyau yake iya tsayawa gaban mai jarrabawar magana ta IELTS na minti 11 zuwa 14 ana ta ce masa ya maimaita.

Kwas ɗin ya ware makonnin farko kacokan ga ƙarshen kalma, kuma dabarar da ya bi ta burge ni ƙwarai. Maimakon a ce wa ɗalibi ya matsa ya fitar da s ɗin nan da ƙarfi, wanda yakan sa su riƙa sa s a ƙarshen kowace kalma har inda babu ita, sai aka koya masa ya jingina baƙin ƙarshe da wasalin kalmar da ke biye. "Pick it up" ya zama kamar "pi-ki-tap". "Most of us" ya zama "mos-to-vas". Da haka baƙin da ya gagara a ƙarshe ya koma farkon gaɓa, inda harshensu ya yarda da shi. Wata ɗalibata mai aikin akanta, wadda ta daɗe tana fama da wannan, cikin 'yan makonni maganarta ta fara gudana yadda ko baƙo zai bi ta ba tare da ya ƙura mata ido ba. Ranar da ta karanta sakin layi guda ba ta yar da baƙi ko ɗaya ba, 'yan ajin da kansu suka tafa mata.

Sun kuma kula da tarkon da rubutu yake ɗanawa. Biyetnam da haruffan boko take rubutu, tsarin da ake kira Quoc Ngu, wanda 'yan mishan na Turai suka assasa a ƙarni na 17, har Alexandre de Rhodes ya buga ƙamus da shi a 1651. Mutum zai ɗauka hakan sauƙi ne ga mai koyon Turanci, amma haruffan ba su da sauti ɗaya a harsunan biyu. Harafin d a Hanoi z ake karanta shi, a kudu kuma y. Harafin x s ne. Th kuwa t ce mai iska, ba ta da alaƙa da sautin farkon "think". Akwai darasi guda a kan wannan kaɗai, da wani a kan rikita l da n da ake ji a bakin mutanen wasu yankunan arewa irin su Hai Duong da Hung Yen. Littafin da aka rubuta a Landan don duniya baki ɗaya ba zai taɓa kawo maka wannan ba.

Abin da na fi yaba wa masu kwas ɗin shi ne yadda suka ƙulla nahawu da furuci. Fi'ili a harshen Biyetnam ba ya sauya siffa. Idan ana son nuna lokaci, ƙaramar kalma ake sawa a gabansa, "đã" don abin da ya wuce, "đang" don abin da ake ciki, "sẽ" don mai zuwa, kuma sau tari ma ba a sa ta idan zancen ya fito fili. Jam'i ma ba a liƙa shi a jikin suna. Turanci kuwa a wutsiyar kalma yake ajiye waɗannan abubuwa, a s da ed, wato daidai wurin da bakin ɗalibin yake yankewa. Malamai da yawa idan suka ji "she work yesterday" sai su koma koyar da shuɗaɗɗen lokaci daga farko, alhali ɗalibin ya san ƙa'idar tun yana ƙaramar sakandare. Kwas ɗin yana sa shi ya rubuta jimlar tukuna, sannan ya naɗa ta da murya, a kwatanta. Idan rubutun daidai ne muryar ce ta gaza, an san inda ciwon yake. A IELTS kuwa wannan asara biyu ce, domin furuci da nahawu kowanne ma'auni ne mai zaman kansa cikin huɗun da ake auna magana da su.

Sauran nahawun ba laifi. Darussan "a" da "the" sun yi kyau, tunda harshensu ba shi da irinsu. Na jimlolin sharaɗi da juya tsarin jimla kuwa irin wanda ake samu ko'ina ne.

Batun nauyin gaɓa da hawa da saukar murya an taɓa shi, amma na so a ce an zurfafa. Harshen arewacin Biyetnam yana da karin sauti 6, kowace gaɓa da nata, kuma kowace tana samun haƙƙinta cikakke. Turanci kuma wasu gaɓoɓi yake dannawa ya haɗiye wasu. Da yake Hausa ma harshe ne mai karin sauti, na san yadda kunne yake ɗaukar nauyin gaɓar Turanci a matsayin hawan murya kawai. Ɗalibaina suna buƙatar atisaye mai yawa a kan raunana wasali, bidiyo uku ko huɗu da aka ba su ba su kai ko'ina ba.

Manhajar ba da maki tana da amfani ga mai jin kunyar magana a gaban mutane, kuma irinsu suna da yawa a ajina. Yaro zai shige ɗaki ya maimaita kalma sau ɗari ba mai yi masa dariya. Amma kalma ɗai-ɗai take iya aunawa da kyau. A doguwar jimla, ɗalibi yana iya sassara kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta jerin sunaye, ta ba shi maki mai yawa, alhali abin da bidiyon ya koya masa na haɗa kalmomi ya rushe. Na ga ɗalibai suna sauya maganarsu don su faranta wa na'ura. Dole malami ya riƙa sauraren abin da suka naɗa da kunnensa. Ni ta manhajar aika saƙo ta Zalo nake sa su turo mini, tunda ita kowa yake amfani da ita a nan.

Ɓangaren kalmomi ne ya ɓata mini rai, kuma ina faɗa ne don ina tsoron illarsa. Jerin manyan kalmomi ne da karin maganar Turanci, an raba su bisa jigo, muhalli, ilimi, fasaha, kowace da fassararta, an ce a haddace. Ɗaliban Biyetnam gwanaye ne wajen hadda, makarantunsu sun hore su a kai, don haka suka haddace tas. Sai ga yarinya 'yar shekara 17 ana tambayarta abin da take yi ranar hutu, tana amsawa da kalmomin da sai a rahoton Bankin Duniya ake ganinsu. Ma'aunin IELTS yana neman kalmar da ta dace da wurinta, da sanin wace kalma ke tafiya da wace. Wanda ya cusa babbar kalma inda ba muhallinta ba, makinsa raguwa yake yi. Abin takaicin kuma shi ne kalmomin nan dogaye ne masu cunkoson baƙaƙe, ga shi ba a haɗa su da darasin furuci ba ko kaɗan, kamar ba mutane ɗaya suka tsara kashin biyu ba. Ɗalibin da ya sha wahala ya gyara "asked" da "months" sai a ɗora masa kalma mai gaɓa biyar ba tare da an nuna masa inda nauyinta yake ba.

Da aka tambaye ni a cibiya, na ce a ci gaba da biyan kuɗin kwas ɗin, a yi furuci da nahawu a tare kamar yadda aka tsara, a ajiye jerin kalmomin, a maye gurbinsu da karatu da sauraren Turanci na gaske, ɗalibi ya tsinci kalma a cikin jimlarta. Malamin da ke koyarwa a kudu, a birnin Ho Chi Minh ko yankin Mekong, kuma ya sani cewa misalan kwas ɗin na bakin Hanoi ne. Ɗalibansa karin sauti 5 gare su, suna karanta d da v kamar y, kuma n da t na ƙarshen gaɓa sukan koma ng da k a bakinsu, don haka sai ya shirya nasa atisayen a kan waɗannan kafin ya shiga aji.