Wasiƙa daga Jamus: maganar sola da injin ban-ruwanmu

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Inna da mutanen gida baki ɗaya, da fatan an shiga noman rani lafiya.

Kun tambaye ni ko farantan sola sun fi araha a nan Jamus, in saya in aiko saboda injin ban-ruwan fadama. Kada mu soma. Yawancin na nan ma daga Sin ake kawo su, irin waɗanda ke jibge a Sabon Gari ta Kano, kuma kuɗin jirgi da na kwastan za su cinye ɗan sauƙin. Abin da suka fi mu da shi doka ce, kuma ita nake so ku ji.

A ƙauyen da nake aiki a jihar Bavariya, da wuya ka ga bargar shanu da ba a shimfiɗe rufinta da faranti ba. Ga shi ranar tasu ba ta kai ta kawo ba: da hunturu kafin ƙarfe biyar duhu ya yi, sai a yi kwanaki gari a lumshe. Maigidan da nake wa aiki ya nuna mini mita a bangon bargar, tana ƙirga wutar da ya tura wa layin gari, ana biyansa kamar yadda ake biyansa kuɗin madara.

Asalin abin dokar shekarar 2000 ce. Ta tilasta wa kamfanin layin wuta ya haɗa duk wanda ya kafa sola ko fankar iska, ya sayi wutarsa, a kan farashi tsayayye har shekara 20. Da wannan alkawari manomi zai shiga banki a ba shi rance ba gardama, tunda an san abin da zai riƙa samu. Ba kyauta ba ce fa. An ɗora kuɗin a kan takardar wutar kowa har zuwa Yulin 2022 da gwamnati ta ɗauke nauyin, kuma har yau wuta a nan tsada gare ta, mai ƙaramin albashi yana ji a jikinsa. Sai dai ba a ɗaukewa, kuma a 2023 fiye da rabin wutar da ƙasar ta sha daga iska da rana da ruwa da makamantansu ta fito.

Dokar nan ba haka kawai ta faɗo ba. Lokacin da tashar nukiliyar Chernobyl da ke Yukren ta fashe a 1986, gubar ta iso har kudancin Jamus, aka gargaɗi iyaye kan ɗanyar madara da ganyen lambu. Dattijan ƙauyen nan har yanzu suna ba da labarin. Daga nan talakawa suka riƙe maganar makamashi, zaɓe bayan zaɓe, har jam'iyyar masu kare muhalli ta shiga gwamnati a 1998, 'yan majalisa irin su Hermann Scheer da Hans-Josef Fell suka tsaya kai da fata sai da ƙudurin ya wuce. Hatsarin tashar nukiliyar Fukushima ta Japan a 2011 ya sa shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta yanke shawarar rufe tashoshin nukiliya, na ƙarshensu aka kashe a Afrilun 2023.

Mu ma an taɓa mu inda ke mana ciwo. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kun fi ni sanin abin da ban-ruwa ɗaya ke ci, da yawan waɗanda suka rage fili a fadamar Hadeja saboda kuɗin mai. A watan Yuni na shekarar aka sa hannu kan sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu. Ke nan maganar ta dawo majalisar Dutse, wurin mutanen da muke gani a ɗaurin aure da jana'iza.

Roƙona, Yaya, idan ƙungiyarku ta manoma ta zauna da ɗan majalisarmu, kada a tsaya kan rabon injin goma ko ashirin da za su ƙare a hannun 'yan gaban goshi. A nemi abin da za a rubuta a doka: rancen famfon sola da za a riƙa biya bayan girbi, da hukunci ga masu shigo da jabun batir da faranti, da tabbaci ga duk wanda ya kafa ƙaramar tashar sola a ƙauye cewa ba zai yi asara ba ranar da babban layi ya iso. Ku kai masa a rubuce, kowa ya sa hannu, ku ajiye kwafi a wurin mai unguwa.

Kuɗin da na ware zan turo ƙarshen wata. A saya a Kano, wurin mai ba da rasit da garanti.