Lensin Canon 50mm f/1.8 STM: ya ci kuɗinsa, amma ɗakin haya ya yi masa kaɗan

Masu tambaya wane lensi za su fara saya bayan wanda ya zo da kyamara, ni dai amsata ɗaya ce, 50mm f/1.8 STM na Canon (STM sunan irin injin da ke juya fokas ɗinsa ne). Ba wai ya fi kowanne kyau ba ne, kawai dai a wannan kuɗin babu abin da zai canza maka hoto kamarsa. A 2015 Canon suka fitar da shi a kan dala 125 da 'yan kai, a naira kuwa kullum da farashin da dala ta yanka masa.

A kan kyamarar Canon 600D nake ɗora shi, tsohuwa ce tun 2011 amma har yanzu da ita ake cin abinci. Aikin nawa yawanci suna ne da kamu da walima, daga Agege zuwa Idi-Araba, wani lokaci Mile 12, kuma duk wanda yake wannan sana'a a Legas ya san babbar matsalarmu haske ce, gidaje a matse, taga ɗaya, ita ma bangon maƙwabci ya tare ta, ga nefa ba tabbas. Shi lensin 18-55mm ɗin da ke zuwa da kyamara in ka ja shi zuwa 55 idonsa ba ya buɗewa ya wuce f/5.6, wannan kuwa f/1.8 ne (lambar f ɗin nan tana ƙanƙanta ido yana ƙara buɗewa), hasken da yake zuƙa ya kusa ninki goma. A aikace ma'anarsa ka zaunar da amarya gefen taga, ka kashe filas gaba ɗaya, ka ce ta ɗora hannu a kan gwiwa, zanen lallen nan ya fito tar har ɗigo-ɗigon bakin farce, su bokiti da kulolin abinci da kayan da aka rataye a ƙusa a bayanta duk su narke ba mai gane ko mene ne. Wlh ko don wannan kaɗai ya biya. Filas a zafin Legas in ya haɗu da zufa da hoda sai fuska ta dinga ƙyalli, kuma kai za a zaga, ba mai kwalliya ba.

Amma kar ka ce tunda akwai 1.8 kullum a 1.8 za ka zauna. A can wurin da fokas yake kamawa siriri ne sosai, mutum ya ɗan juya kai sai ido ɗaya ya fito ɗayan ya dushe. Mutum ɗaya ina barinsa 2.2 ko 2.8, a nan ma ya fi kaifi, ango da amarya tare kuwa sai 4. Ka zaɓi ɗigon fokas ɗaya ka ɗora a ido, kar ka bar kyamara ta zaɓa maka don leshin da ya fi walƙiya za ta bi. Sannan ba shi da abin hana rawar hannu, don haka ni a saurin ɗauka ba na sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa, gara in ƙara ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara.

Inda yake ba da haushi shi ne ƙunci. A irin su 600D da 700D ana ninka lambar mm ɗin lensi da 1.6, ka ga 50 ya koma kamar 80 ke nan, kuma lambar tana girma abin da ke shiga hoto yana raguwa. A waje lafiya lau, amma a ɗakin haya za ka yi ta ja da baya har bayanka ya daki bango kuma mutum uku kawai suka shiga. Daidai lokacin ne uwar biki za ta ce "kai mai hoto ɗauke mu duka", su goma sha, kai kuma kana "Hajiya a ɗan matsa, a ɗan matsa" alhali ba wurin matsawa. Shi ya sa 18-55 ba ya barin jakata, kar ka sayar da naka. In akwai hali ka haɗa da lensin Canon EF-S 24mm f/2.8, shi ne na cikin ɗaki. A duhu sosai kuma fokas ɗin 50mm ɗin yakan yi ta kai da komo kafin ya kama, kuma duk da ya fi tsohon samfurinsa shiru, a bidiyo makirfon na jikin kyamara yana jin motsinsa.

Nawa tokumbo ne, wato na hannu, a wani shago a sama cikin Computer Village a Ikeja na saya, kuma gsky mai shagon ya kyauta, ya bar ni na ɗaura a kyamarata na fita baranda na gwada a kan masu wucewa ba tare da ya tsaya min a kai ba. Duk shagon da ya hana ka gwadawa ka yi gaba. Kayan hannu sun yi yawa yanzu, tun da Canon suka fito da kyamarar EOS R a 2018 masu hoto a waje suke ta komawa irinta, wato kyamarori marasa madubi, suna sakin tsofaffin.

Ka duba gindin lensin, inda ake ɗaura shi a kyamara, na STM ƙarfe ne, in ka ga roba to tsohon ne mai lamba II na 1990, kar a karɓi kuɗin sabo a hannunka. Bakinsa kuma 49mm ne, tsohon 52. Mafi muhimmanci ka cire murfi biyun ka haska tocilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, amma in ka ga wasu fararen zare kamar saƙar gizo-gizo to fumfuna ce, ajiye masa abinsa ko nawa ya rage, don danshin Legas ƙara ta zai yi, musamman da damina. In ka saya ma kar ka bar shi kwana da kwanaki a rufe cikin jaka, samo roba mai murfi ka zuba 'yan ƙullin nan na shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi.

Akwai na kamfanin Yongnuo mai kama da shi da ya fi araha, amma in bambancin kuɗin ba yawa ni na Canon zan ɗauka, don ko ka koma EOS R daga baya adafta kawai za ka saya ya ci gaba da aiki.